Yadda Na Zama Malam Wataƙila

Furfuri, ƙasar Bungudu.

Zuwa ga ɗiyata Saratu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen gidan da aka sauke ki. Allah Ya sa kin isa Tsafe lafiya, Ya tsare ki a hanya da wurin aiki, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk macen da za ta kwanta a gabanki. Mu nan lafiya lau muke. Gwaggonki Asabe tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko kin ga daddawa da kukar da ta cusa miki a ƙasan akwati.

Ki yi haƙuri da rubutun nan. Kin san da girmana na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, har yau alƙalami bai saba da hannuna kamar fartanya ba. Kwana uku ke nan ina fama da shi bayan La'asar. Na ƙi in ba kowa ya rubuta mini, domin abin da ke ciki ba na kunnen kowa ba ne.

Ranar da za ki tafi muna tsaye a bakin titi, wahalar man nan ta sa mota ta ƙi samuwa, sai kika ce mini, "Baba, yanzu na gama karatun ungozoma. Ina so ka gaya mini yadda ciwon Inna ya fara, da kwana nawa ta yi kafin a kai ta asibiti." Ni kuwa na buɗe baki na ce, "Wataƙila Gwaggonki ta fi ni riƙewa." Kika zuba mini ido har mota ta zo kika shiga. Wallahi Saratu, kallon nan bai bar ni ba har yau. Gwaggonki ba ta fi ni riƙe komai ba. Na tuna kowace rana daga cikin kwanakin nan, kuma yau zan ba ki amsarki. Sai dai dole in faro daga nesa, in ba haka ba ba za ki gane yadda uba yake zama abin da na zama ba.

Kin taso kin ji duk Furfuri ana ce mini Malam Wataƙila. Har ke ma kin tsokane ni da shi. Kina aji uku a sakandare kika zo hutu da littafin Hausa, kika ce malaminku ya koya muku cewa kalmomi ma dangi-dangi ne, akwai na suna, akwai na aiki, akwai masu siffanta abu. Kika ce, "Baba, malaminmu ya ce wataƙila ba suna ba ce, na ce masa ya zo Furfuri ya ga mai sunan." Na yi dariya har da buga ƙafa. Sannan kika ɗauko kalmar shakka kina juya ta, kika ce mutum yana da shakka, yana yin shakka, a kuma kira shi mai shakka, kalma ɗaya wuri uku. Ke karatu kike yi. Ni kuwa ina zaune kan tabarma ina jin kamar tarihina kike karantowa, don duk wuraren nan uku na zauna a cikinsu.

Ba da wannan suna aka san ni da farko ba. Kakanki, Allah Ya jiƙansa, shi ake tambaya in an yi ruwan farko. Da gari ya waye sai manoman unguwarmu su biyo shi gona da sungumi a kafaɗa. Ya durƙusa ya tona ƙasa da hannunsa, ya auna. In danshi ya kai taƙi guda, daga kan babban yatsa zuwa kan na tsakiya, sai ya ce, "Ruwan shuka ne, bismillah." In bai kai ba ya ce a koma gida a jira. Tun ina yaro nake biye da shi, kuma na iya aikin sosai. Da ya rasu, ba wanda ya naɗa ni, mutane kawai suka ci gaba da zuwa ƙofar gidanmu.

Damina ta biyu bayan rasuwarsa ruwa ya makara. Kowa ya ƙosa, rumbuna sun kusa ƙarewa. Da aka samu ruwa wata Laraba, washegari tun da sassafe suka cika ƙofar gida, har da tsofaffin da suka haife ni. Muka je gona, na durƙusa na tona. Danshi ya tsaya saura yatsa biyu ya kai taƙi. Na sake tonawa a wani wuri, haka dai. Na ɗaga kai na ga mutum wajen talatin sun zuba mini ido, wasu har sun kwance bakin jakar iri. Na ji wani yana cewa a hankali, "Da dai tsohon ne, da tuni ya yi magana." Kai, maganar nan ta shige ni! Na miƙe na kakkaɓe hannu na ce, "Babu shakka, ruwan shuka ne."

Alhali akwai shakka, tana nan cikin cikina, na ji ta sarai. Na danne ta ne don kada a ce ɗan bai kai uban ba.

Aka yi shuka. Gero ya tsiro gwanin sha'awa, sannan sama ta rufe bakinta kusan mako uku. Tsiron ya ƙone ƙurmus. Masu sauran iri suka sake shuka. Maƙwabcinmu Mani, wanda muka yi wasan ƙasa tare da shi, ba shi da saura, duk ya zuba. Na kai masa abin da na iya daga nawa, bai isa ko rabin gonarsa ba. Bai zage ni ba, bai ko ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Bawa, ai da ka ce mana saura yatsa biyu, da na shuka rabi na ajiye rabi." Da kaka ta yi ya kwashe iyalinsa ya tafi ci-rani, bai sake dawowa Furfuri da zama ba. Kangon da kuke wasa a ciki kuna yara, gidansa ne.

To ki ji ni, ɗiyata. Shakkar da kike da ita ba kayanki ba ce ke kaɗai, har da na wanda ya zo tambayarki. Mani bai nemi in san gaibu ba. Abin da hannuna ya taɓa yake so in gaya masa, shi kuma ya san yadda zai yi da irinsa. Idan kin duba mace kin ga abin da ba ki gane ba, kada ki gyara tsayuwa ki ce babu komai don kada a raina farar rigarki. Ki faɗi iyakar abin da kika gani, ki faɗi inda saninki ya tsaya. Za a samu mai cewa yarinya ce, ba ta iya ba. Bar shi ya faɗa, ba ya ciwo kamar kango.

Da a nan na tsaya na koyi darasi, da na ji daɗi. Amma ina! Sai na faɗa ɗaya ramin. Na rantse a raina ba za a sake kama ni da magana ba. Aka zo tambayar ruwan shuka, na ce wataƙila. Aka tambaye ni ko dawa za ta yi kyau bana, na ce ƙila. Tun ina yi a kan gona har ya bi bakina ko'ina. Wata rana a majalisa wani ya ce, "Malam Bawa, gobe Juma'a ko?" Kafin in ankara na ce, "Wataƙila." Aka kwashe da dariya har wani ya ƙware da goro. Daga ranar sunan ya zauna.

Innarki ita ce ta fi kowa iya mini. Mace ce mai barkwanci, ke kika gado bakin nan nata. Ta kawo tuwo ta ce, "Malam, za ka ci?" In ce, "Ƙila." Sai ta ɗauke kwanon ta yi gaba, ta ce, "To, in ka tabbata ka aiko." In zauna da yunwa ina jin ta tana dariya a madafi. Sau da yawa takan ce mini, "Kai fa ka sani, faɗi ne ba ka so." Ni kuwa na ɗauka na samu mafaka. Ba wanda zai sake cewa Bawa ne ya ce.

Yanzu ga amsar tambayarki.

Kina da shekara bakwai innarki ta samu cikin da ba ta haife ba. Yana wata takwas, ran wata Asabar ta tashi da ƙafafu a kumbure. Ran Lahadi fuskarta ta cika, zoben hannunta ya ƙi fita. Ran Litinin ta ce kanta kamar zai tsage, kuma tana ganin duhu-duhu da wasu 'yan ƙyalli a idonta. Tsofaffin unguwa suka ce kumburin ciki ne, kowace mace tana yi, aka jiƙa mata saiwa.

Saratu, ni na san ciwon nan. Shekara uku kafin haka matar yayana da ke garin Wanke ta yi irinsa sak. Ni na raka su Gusau, aka kwantar da ita, ta tashi ita da ɗanta. Da kunnena na ji malamar asibiti tana ce wa yayana, in mai ciki ta kumbura, kai na ciwo, ido na duhu, kada ta sake kwana a gida. Ban manta ba. Ran Litinin ɗin nan da na dubi fuskar innarki, babu ko ɗigon shakka a raina.

Ran Talata da hantsi Lawali direba ya tsaya a bakin titi kamar kullum, zai shiga Gusau, kuma akwai wurin zama a gaban motarsa. Gwaggonki ta fito da sauri ta same ni a zaure ina gyaran ƙotar fartanya. Ta ce, "Yaya, ga Lawali can. A kai ta ko a bari? Kai ne mai gida, ka faɗa." A bayanta ga tsofaffi biyu, ɗaya tana cewa jijjigar mota ita ce za ta jawo naƙuda kwana bai kai ba. Nan take Mani ya faɗo mini a rai. Na ce a zuciyata, in na ce a kai ta, wani abu ya faru a hanya, shi ke nan, Bawa ya sake cewa. Sai na ce, "Wataƙila kumburin ya sauka zuwa gobe. A ɗan duba tukuna."

Gwaggonki ta juya ta koma cikin gida. Na ji Lawali ya yi ham sau biyu, ya ja motarsa.

Washegari bayan Azahar innarki ta fara jijjiga, ta ciji harshenta, ba ta san wanda ke kanta ba. Aka aika ki gidan maƙwabta, shi ya sa ba ki gani ba. Kafin a samo mota La'asar ta yi. Mun isa asibiti da ranta. Wata dattijuwar malamar asibiti ta duba ta, ta juyo ta ce mini, "Tun yaushe fuskarta ta kumbura haka?" Na ce, "Yau kwana huɗu." Ba ta yi mini faɗa ba. Dubana kawai ta yi, irin kallon da kika yi mini a bakin titi. Kafin Magariba innarki ta cika, ita da abin da ke cikinta.

Kwana biyar ke nan daga farawar ciwon, kuma a cikinsu akwai yini guda cur wanda ni na ƙara da bakina.

Liman ya ce kwana ne ya ƙare. Gwaggonki ma haka ta gaya miki, kuma gaskiya ne, na yi imani da haka, ba mai wuce ranarsa. Ban ce da ta shiga motar Lawali da ta rayu ba. Wannan ban sani ba, kuma rashin sani ne na gaskiya, ba irin wanda na saba fakewa da shi ba. Amma Allah ba zai tambaye ni ranar da Ya rubuta mata ba. Abin da na sani na ƙi faɗi, shi zai tambaye ni. Gwaggonki ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, shekara goma sha huɗu tana riƙe da ke tana riƙe da bakinta. Ita ma ba ta san cewa na san ciwon ba. Ke ce mutum ta farko da na gaya wa.

Kin ga bambancin? A gona ina da shakka na ce babu. A zaure ba ni da ita na aro ta na yafa. Duka biyun ba gona ko innarki nake dubawa ba, kaina nake karewa daga bakin mutane. Abin da ya fi ba ni kunya ke nan.

Ke ma kin ɗanɗana kaɗan. Da kika ce kina son makarantar ungozoma a Gusau, shekara guda ina ce miki wataƙila baɗi, har takardar farko ta wuce ki. Ba don ban yarda da karatun ba ne. Tsoro nake ji ki je ki koyo sunan ciwon nan, ki dawo ki ƙirga kwanaki. Sai da Gwaggonki ta tsaya a kaina ta ce, "Yaya, yau ko i ko a'a, ba na tashi daga nan." Ki yafe mini wannan shekarar ma.

Yanzu ga shi an tura ki ƙauye a ƙasar Tsafe, ɗakin shan magani mai ɗaki biyu, ba likita sai ke da mai ba da magani. Tun da aka ba mu jiha ake ta buɗe irinsu, kuma na san yadda abin zai kasance. Za a kawo miki mace a kan amalanke. Mijinta zai tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, uwarsa tana gefe tana cewa a gida ta haifi tara ba abin da ya same ta. Mota ɗaya ce a garin, mai ita yana ƙorafin mai. Duk za su zuba miki ido su ce, "Malama, a kai ta Gusau ko a bari?"

Idan kin sani, ki faɗa da baki ɗaya. Ki ce, "A kai ta yanzu, kada ta kwana." Kada ki sa ƙila a gaba don ki sassauta wa tsohuwa, domin mijin nan ƙilar kawai zai ji, ita zai ɗauka ya koma gida da ita. Na san shi, ni ne shi. Mutumin da tsoro ya kama yana neman wanda zai ba shi izinin jira, kada ki zama ke ce kika ba shi. In ya yi gardama ki kira shi gefe, ban da idon uwarsa, ki yi masa magana a hankali. Ba mugu ba ne, Saratu. Yawancinmu ba mugaye ba ne, kunyar mutane ce ta fi ƙarfinmu. Ki tausaya masa, amma kada ki rage maganarki.

Idan kuma da gaske kina shakka, to ki yi ta irin ta aiki. Kakanki in ya tona bai gamsu ba, ba ya tsayawa yana wataƙila, gaba yake yi ya tona wuri na biyu da na uku. Ki sake aunawa, ki buɗe littafinki ko a gaban mutane ne, ki aika a tambayi wadda ta fi ki daɗewa a aikin. In duk kin yi ba ta warware ba, ki ce musu, "Ga abin da na gani, ga abin da ban gane ba, kuma da 'yar'uwata ce da na kai ta." Wata rana za ki sa a kai mace Gusau a ce ba komai, su dawo suna gunaguni an wahalar da su a banza. Za a yi da ke a bakin rijiya kwana biyu. Ki haɗiye, ki yi barcinki.

Abin da nake roƙonki shi ne kada ki bari ta zama sunanki. Da kaɗan-kaɗan take farawa, yau kin kauce wa tambaya ɗaya, gobe biyu. Ranar da kika ji bakinki ya riga zuciyarki cewa wataƙila, ki tsaya ki tambayi kanki, ban sani ba ne, ko tsoron faɗi nake yi?

Bari in gaya miki wani abu ko kya yi dariya. Shekaranjiya aka yi ruwan farko a nan. An daɗe da daina zuwa ƙofata, matasa yanzu rediyo suke saurare. Na ɗauki sandata na tafi gona ni kaɗai, na durƙusa da gwiwoyin nan masu ƙara, na tona wuri uku. Da na dawo na tarar da majalisa cike ana gardamar a shuka ko a jira. Ba wanda ya tambaye ni. Na yi gyaran murya na ce, "Saura yatsa uku. Mai iri da yawa ya shuka rabi, mai kaɗan ya jira." Sai wani ya ce, "La ilaha illallahu, yau Malam Wataƙila lafiya kuwa?" Aka yi ta dariya, har da ni. Wasu sun bi maganata, wasu ba su bi ba. Ko na yi daidai, sai nan da mako biyu a gani. Amma na taho gida ina jin jikina sakayau, rabona da haka tun kakanki na da rai.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ina neman gafararki. Na raba ki da sanin gaskiya shekara goma sha huɗu, kuma ranar da kika tambaye ni ido da ido na tura ki wurin Gwaggonki. Ban san yadda za ki ɗauki takardar nan ba. Ban sani ba ko in kin zo hutu za ki iya zama kusa da ni kan tabarma ki tsokane ni kamar da. Wannan ita ce shakkar da nake da ita yau, ga ta na nuna miki.

Ki ba direban da ya kawo miki takardar nan amsa, ko layi ɗaya ne, ran kasuwa yake dawowa ta nan. In kin yafe, ki ce kin yafe. In ba ki yafe ba tukuna, ki rubuta haka, zan iya ɗauka. In kuma ke ma ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, zan jira. Zan riƙa fita bakin titi duk ran kasuwa.

Allah Ya jiƙan innarki, Ya haskaka makwancinta. Allah Ya tsare mini ke dare da rana, Ya kare ki daga sharrin hanya da na baki, Ya ba ki ido mai gani da harshe mai faɗin abin da ido ya gani. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mana da ke lafiya. Ki gaishe da masu masaukinki da kyau. Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Bawa.